Ciyaman ya ce ba shi da ikon gyara kasuwarmu, shin gaskiya ne?

"Salamu alaikum Baba Ma'aji. Ni ɗan kasuwar hatsi ne kuma ina cikin shugabannin ƙungiyar matasan garinmu. Muna da babbar kasuwar mako, motoci na zuwa har daga kudu, amma da damina ta faɗi sai laka, ba sito, ba rumfunan kirki, hanyar da ta shigo kasuwar ma ta mutu. Mun je wajen ciyaman ya ce shi ba shi da iko, komai sai daga jiha. Shin doka ta ba ƙaramar hukuma damar kashe kuɗi a irin wannan aikin? Za ta iya cin bashi ko ta sa sabon haraji ta yi? Kuma tunda an ce kotu ta ba su 'yancinsu, me ya rage?"

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya yi muku albarka kai da 'yan ƙungiyar taku. Tambayarka abu uku ne a dunƙule, kuma ciyaman ɗinku ya haɗe su ne ya ba ku amsa ɗaya. Akwai ikon kashe kuɗi a kan aiki, akwai ikon tara kuɗin, sannan akwai ikon cin bashi. Na farkon yana da shi sosai, na biyun yana da shi amma an ɗaure masa hannu, na ukun kuwa sai na sama sun sa hannu. Na yi aiki a sashen kuɗi na ƙananan hukumomi tun ina ƙaramin akawu har na kai ma'aji kafin in yi ritaya, toh abin da zan gaya maka wani daga doka ne, wani kuma idona ne ya gani.

Abin da tsarin mulki ya damƙa musu

Ka samu kundin tsarin mulkin 1999 ka buɗe sashe na 7, sannan ka je can baya wajen Jadawali na Huɗu. A nan aka rubuta ƙarara cewa kafa kasuwanni da tashoshin mota da kwata da banɗakin jama'a, da kula da su da tsara su, aikin ƙaramar hukuma ne. Haka gina hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi, gwargwadon yadda majalisar jiha ta tsara. Kuma an ce ta shiga cikin harkar bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, banda haƙar ma'adinai, da ilimin firamare da na manya da na koyon sana'a, da kiwon lafiya. Sashe na 7 ɗin ma ya ce wajibi ne ta shiga cikin tsara tattalin arzikin yankinta.

Kaga kenan duk abin da ka lissafo, rumfa da sito da kwalbati da hanyar shiga kasuwa, babu ɗaya da yake wajen huruminta, su ne ma ainihin aikin da aka ƙirƙire ta dominsa. In ciyaman ya ce doka ta hana shi zuba marmara a hanyar kasuwa, wannan ba haka ba ne. In kuma nufinsa kuɗin ba sa zuwa hannunsa, ko kuma akwai iyakar kuɗin da zai iya amincewa a kashe shi kaɗai kafin a kai takarda ma'aikatar ƙananan hukumomi, toh nan yana da gaskiya a jihohi da yawa, don wancan sashe na 7 ɗin dai shi ne ya ba majalisar jiha ikon yin dokar da ta tsara tsarin ƙaramar hukuma da kuɗinta da ayyukanta.

Kuma fa ba yau aka fara ba. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, Baitulmalin Kano da kuɗin haraji da jangali ya ɗauki nauyin aikin ruwan famfo da wutar lantarki na Challawa a farkon shekarun 1930, lokacin Sarki Abdullahi Bayero. Ba yabon wancan zamanin nake ba, talaka ya sha wuya wajen biyan harajin nan, shi ya sa jama'a suka yi murna da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Amma abin lura shi ne a da hukumar da ke kusa da jama'a daga jikin jama'ar take samun kuɗinta. Bayan gyaran 1976, wanda ya samar da ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasar, sai hankali ya koma kan kason da ke zuwa daga tarayya, yau gashi suna 774 kuma mafi yawansu in kason wata ya makara ko albashi ba za su iya biya ba.

Ina kuɗin suke shiga, ina suke maƙalewa

Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi gaba ɗayansu 20.60. A harajin VAT kuma kashi 35 ne nasu. Sannan doka ta ce kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida, wannan kam a zamanin aikina ba kasafai muke ganinsa ba. Matsalar tana sashe na 162, inda aka ce kason ya bi ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. A nan ake zama duk wata a cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, kuɗin horar da ma'aikata, sai kuma abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, wanda sau da yawa ciyaman sai dai ya ga an yanke kawai ba shi ya zaɓi aikin ba kuma wani lokacin ba a ma yankinsa za a yi ba. Abin da ya rage bayan albashin ma'aikatan sakatariya shi ake ce masa ya yi aiki da shi.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ta ce riƙe kuɗin ƙananan hukumomi da gwamnoni ke yi ya saɓa wa tsarin mulki, a dinga biyan su kai tsaye, kuma wadda kantoma ke riƙe da ita ba zaɓaɓɓu ba kar a ba ta. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Hukunci ne mai kyau wallahi, na yi farin ciki da shi, sai dai ka fahimci iyakarsa. Hanyar da kuɗi za su bi ya taɓa. Bai ƙara wa ƙaramar hukuma ikon sa haraji ba, bai ba ta ikon ciyo bashi yadda ta ga dama ba, bai kuma ɗauke mata albashin malamai ba, wanda ya ƙara nauyi tunda mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Aiwatarwar ma ta yi ta jan ƙafa, kuma wasu jihohin sun sake ɓullowa ta wata hanyar, misali Anambra a Oktoban 2024 ta yi dokar da ta sa ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso a asusun bai ɗaya. Ga kuma maganar da kowa ya sani, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ciyamomi, kuma wanda aka ɗauko aka ɗora da wuya ya kalli wanda ya ɗora shi ya ce a'a.

Maganar sabon haraji

A nan amsar gajera ce, ciyaman ba zai wayi gari ya ƙirƙiro haraji ba. Majalisar kansiloli na iya yin ƙaramar doka ta tsara yadda za a karɓa da nawa za a karɓa, amma sai abin yana da tushe a tsarin mulki ko dokar jiha. Jerin da muka yi aiki da shi shekara da shekaru shi ne na dokar 1998, a ciki akwai kuɗin shaguna da kes-kes, harajin gine-gine, kuɗin kwata, kuɗin kasuwa, kuɗin tasha, jangali, lasin kura da baro da amalanke da kwalekwale, kuɗin allon talla da sauransu. Akwai wata gaɓa a ciki da ta shafe ku kai tsaye, an ce kuɗin kasuwa na ƙaramar hukuma ne banda kasuwar da jiha ta sa kuɗinta a ciki. Don haka in kuka matsa wa jiha ta zo ta gina muku kasuwa, ku sani mai yiwuwa kuɗin shigar ma ya koma can, wannan ba laifi ba ne amma ku shiga da idonku a buɗe. Tun 2025 ana ta gyaran dokokin haraji a ƙasar nan, don haka ka nemi jerin da jiharku ke aiki da shi yanzu kafin ku rubuta wani abu.

Harajin gine-gine kuwa shi ne babbar taskar da ƙananan hukumomin birni suka bari ta sulale. Har Kotun Ƙoli ta taɓa yanke hukunci a 1998, a shari'ar kamfanin Knight Frank and Rutley da gwamnatin Kano, cewa ƙiyasta gine-gine don karɓar wannan harajin hurumin ƙaramar hukuma ne ba na jiha ba. Amma ku da kuke karkara ba nan arzikinku yake ba, naku yana kasuwa da kara da tasha.

Toh bari in daɗe a nan kaɗan don nan ne ciwon yake. Ni ban yarda kasuwa irin taku tana buƙatar sabon haraji ba. Ana karɓar kuɗi, kai shaida ne, kowane buhu da aka ɗora a mota an biya, kowace dabba da ta shiga kara an biya, kowace tirela da ta yi lodi an biya, mai rumfa ya biya mai kasa kaya a ƙasa ya biya. Tambayar ita ce nawa ke isa asusu. A wata ƙaramar hukuma da na yi aiki, ranar kasuwa na tura yara suka zauna a ƙofofin kasuwa suna ƙirga motocin da suka fita da kaya, ba su karɓi ko sisi ba ƙirga kawai, da yamma muka gwada da abin da 'yan rebenu suka kawo, wallahi ko kusa bai kama ƙafar lissafin ba. Da muka bi diddigi sai ga rasit kala biyu, ɗaya namu ɗaya wanda aka buga a waje, ga kuma wuraren da aka ba wasu 'yan siyasa kwangilar karɓa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kawo wannan duk sauran nasu ne, sakayyar wahalar kamfen kenan. Kasuwa ta zama saniyar da kowa ke tatsa babu mai ba ta dusa. Kuma abin takaicin, a tsarin rabon kason tarayya akwai kashi 10 da ake dubawa da ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida, kaga an yi asara ta nan an yi ta can.

Ka yi wannan lissafin da kanka, misali ne kawai na ba ka. A ce buhu 5,000 ke fita ranar kasuwa, a ce naira 100 ake karɓa a kowane, naira 500,000 kenan a mako, a shekara ya kai miliyan 26, ba a sa na dabbobi da na tasha da na rumfuna ba. Wannan ba zai yi titin kwalta ba, amma zai yi kwalbati da magudana, ya ɗauko gireda ta gyara hanya kafin damina, ya fara jerin rumfuna. Ka duba garuruwa irin Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ko Mai'adua ranar Lahadi, irin dukiyar da ke juyawa a rana ɗaya, ka san maganar babu kuɗi a ƙasa ba ta taso ba.

Bashi

Doka ba ta haramta ba. Dokar kasuwar hannun jari ta amince ƙaramar hukuma ta sayar da takardun lamuni, wato ta ci bashi a hannun masu zuba jari, kuma an taɓa yi, ƙaramar hukumar Lagos Island ta yi na naira miliyan 100 a 1992 don aikin kasuwar Sura. Amma sharuɗan na da tsauri, sai an ga littattafanku da odita ya tantance na shekarun baya, sai an ga ta inda za a biya, sai amincewar majalisar kansiloli da ta jiha. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ma ta ce bashi na manyan ayyuka ne da gina ɗan Adam, ba na biyan albashi ko alawus ba. Bashin ƙasashen waje kuwa ka cire shi a lissafi, sai ta hannun tarayya. Bankin kasuwanci kuma ba zai ba ƙaramar hukuma ba sai an ba shi izinin cire kuɗinsa daga tushe duk wata, ga kuɗin ruwa mai tsada, ga ciyaman na shekara biyu ko uku ne, ya ci ya tafi ya bar wa na baya. Ni in ka tambaye ni, ƙaramar hukumar da ba ta iya sanin nawa kasuwarta ke kawowa ba bai kamata ta doshi banki ba, sannan a garuruwanmu jama'a da malamai ba za su yi na'am da bashin ruwa ba, wannan ma abin dubawa ne.

Akwai hanyar da ta fi bashi sauƙi kuma na ga ta yi aiki, ita ce ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a filayen da ba a ayyana su a matsayin birni ba, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba sai ta nemi izinin gwamna ba, kuma tana iya karɓar fili don amfanin jama'a in ta biya diyya. Toh sai hukuma ta kawo fili da zane da hanya, 'yan kasuwa ko ƙungiyarsu su gina rumfuna da sito da kuɗinsu, a yi yarjejeniya a rubuce cewa za su ci moriya shekara kaza suna biyan ɗan kuɗin ƙasa, bayan nan gini ya koma na hukuma. Inda irin wannan ke lalacewa shi ne wajen rabo, in aka gama sai ka ga rumfunan gaba duk na manyan sakatariya ne da 'yan uwansu, mai awo da ta shekara ashirin a wurin an tura ta bayan kasuwa. Shi ya sa tun kafin a sa bulo ɗaya a rubuta sunan duk wanda ke wurin, sarkin kasuwa da shugabannin dillalai da hakimi su sa hannu, a manna a bango kowa ya gani.

Inda nake ganin ake ɓarnar kuɗin

Zan faɗi wannan ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Yawancin abin da ƙananan hukumomi ke kira bunƙasa tattalin arziki rabon kaya ne, keken ɗinki, injin markaɗe, babur, a tara mutane a sakatariya a ɗauki hoto. Doka ta yarda, in an sa a kasafi ba wanda zai ce haramun ne, kuma ban raina matar da keken nan ya rufa wa asiri ba. Amma na ga baucocin irin wannan sayayyar, na kuma ga kayan a kasuwa ana sayar da su ƙasa da kuɗin da aka sayo kafin wata ya zagayo, saboda wanda aka ba ba sana'arsa ba ce, yunwa ce ke damunsa. Bashin jari da hukuma ke rabawa shi ma haka, kowa na ɗaukarsa rabonsa ne na gwamnati, ba a biya. Kuɗin nan da an zuba su a abin da ɗan kasuwa ba zai iya yi wa kansa shi kaɗai ba, hanya, magudana, burtsatse mai sola, fitila, wurin lodi, kwata mai tsabta, sito, da kowa ya amfana har wanda bai san kowa a jam'iyya ba. Direban da ya taɓa kwana a laka da lodin masara ba zai dawo ba, zai koma kasuwar gaba, dillali ya rasa la'ada, ɗan dako ya rasa aiki, mai abinci ta rasa ciniki, manomi kuma ya sayar da araha don masu saye sun ragu.

Abin da zan ba ku shawara ku yi

Kar ku koma wajen ciyaman da baki kawai. Ku fara da ƙirga, ku ɗauki makonni kuna rubuta motoci da buhuna da dabbobi da abin da ake karɓa, ku adana rasit ɗin da aka ba ku. Ku duba abin da ƙaramar hukumarku ta samu daga tarayya, ofishin Akanta Janar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa rabon kowane wata a intanet da sunan kowace ƙaramar hukuma. Sannan ku rubuta takarda ɗaya, ku bi ta hannun kansilan mazaɓarku, kwafi ga shugaban majalisar kansiloli da hakimi da ɗan majalisar jiharku, ku kai ta kafin a rufe haɗa kasafin shekara mai zuwa, don aikin da ba ya cikin kasafi ma'aji ba shi da inda zai rubuta shi ko da ciyaman na so. Ku nemi abu biyu, a sa aikin kasuwa a kasafi da sunansa da adadinsa, kuma majalisar kansiloli ta yi ƙaramar doka cewa wani kaso na kuɗin kasuwa zai riƙa komawa gyaran kasuwa, a biya ta banki ko POS, a manna abin da aka tara duk mako a ƙofar ofishin sarkin kasuwa. Ku kuma ku yi alƙawarin 'yan ƙungiyarku ba za su biya kowa ba sai da rasit na gaskiya. Ku sa ran turjiya daga masu cin moriyar yadda abin yake yanzu, don haka ku tafi tare da dattawan kasuwa da 'yan ƙungiyar direbobi, kar ku bari a mayar da abin rigimar jam'iyya.

Ni ma'aji ne ba lauya ba, kuma kowace jiha da dokarta ta ƙananan hukumomi, abin da ciyaman zai iya sa wa hannu a Jigawa ba lallai ya zama daidai da na Katsina ko Kaduna ba. Kafin ku sa hannu a yarjejeniyar fili ko gini ku samu lauya ya karanta muku dokar jiharku, ya kuma tabbatar ko garinku na cikin wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, don in yana ciki takardar filin daga jiha za ta fito ba daga sakatariya ba. In kun gama ƙirgar ka turo min alƙaluman in taya ku tsara takardar.